Robar da Muka Bari a Cibiyar Bakwaini

'Yan matan unguwarmu da suka samu shiga makarantar koyon jinya sukan zo gaishe ni idan sun yi hutu, su baje a tabarmar tsakar gida suna gardamar ɓangaren da kowacce za ta nema in ta gama. Kusan dukansu ɗakin jarirai suke so. Wai can babu ɗaga ƙaton majinyaci, babu wankin gyambo, babu mai zagin uwar mutum, sai canza ƙunzugu da ba da madara a ɗaki mai tsabta. Wata ma ta dube ni ta ce, "Anti Rabi, ai raino ne kawai, kuma a biya mutum." Ban yi mata faɗa ba, don ni ma da wannan wautar na shiga. Amma tunda abin ya kai haka, ku ajiye wayoyin nan ku saurara, zan gaya muku abin da ke cikin ɗakin da kuke ɗoki.

A nan Agege ta Legas aka haife ni, fataucin goro ne ya kawo mahaifina. Na fara aiki a shekarar da soja suka miƙa mulki, a wani ƙaramin asibitin kuɗi da ke kan hanyar Ogba. Ɗakin jarirai yana saman bene, da 'yan kwalabe a jere jikin bango. Kwalba ita ce akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake kwantar da bakwaini a ciki, mai ƙananan tagogi a gefe inda ake zura hannu. Wadda ke riƙe da ɗakin ita ce Sista Laraba, mutuniyar Kudancin Kaduna, gajeriya mai kaurin murya, wadda ta fara aikin nan tun ina rarrafe. A hannunta na koyi duk abin da na sani.

Wankin hannu shi ne aikina na farko, kuma na daɗe a kansa har na fara zaton matar nan ta tsane ni. Ranar da na fara zuwa na sha lalle, ga zobe ga warwaro, don an yi bikin wata ƙawata. Ta kama hannuna ta jujjuya kamar mai taya kifi a kasuwa, ta ce, "Amarya, kin ɓata hanya ne? Cire, cire duka." Ta yanke min farce da kanta, ta tsaya a kaina ina cuɗa sabulu tsakanin yatsu har gwiwar hannu, in ɗauraye, in sake. In na kuskura na gyara ɗankwali bayan na wanke, sai a koma famfo. In kuma famfo ya ƙafe, wanda ba baƙon abu ba ne, sai mai shara ta zuba min daga wata tsohuwar jarka da muke ajiyewa a bayan ƙofa.

Neman jijiya shi ne inda ake gane wadda ta iya. Bakwaini ba ya iya tsotso, cikinsa kuma bai ƙosa ya karɓi nono da yawa ba, don haka ruwa da sukari da magani duk ta jijiya suke shiga. Hannunsa bai fi babban yatsana kauri ba, jijiyar da ke ciki kamar zare. Sai a ja labule a ɗora tocila a tafin hannun, jijiyar ta bayyana ta baya, a soka 'yar allurar roba mafi ƙanƙanta. Hannunki ya ɗan yi rawa ta fashe, wurin ya kumbura ya yi shuɗi, an yi asararta ke nan. In hannu ya ƙare a koma ƙafa, in ƙafa ta ƙare a aske gefen kai. Ko an dace, allurar ba ta jimawa take toshewa, a sake fita farauta. Na ga jaririn da aka huda har babu sauran inda za a soka, yana buɗe baki yana kuka amma sauti ba ya fita.

Shi ya sa muke son cibiya. Allah ya ajiye wata babbar jijiya a cikinta, wadda ta nan yaro ya ci ya sha a cikin uwarsa, kuma a kwanakin farko tana nan a buɗe. Likita zai yanke cibiyar ya bar ɗan guntu, ya buɗa bakin jijiyar da hantsaki, ya zura siririyar roba a hankali har sai jini ya biyo ta. Ni aikina in riƙe ƙafafu, in miƙa zare in ɗaure, in kafa filasta yadda ko yaro ya yi shure-shure ba za ta zare ba. Robar gaske da aka yi don wannan aikin daga waje ake kawo ta, da ƙyar na taɓa ganinta. Da robar ba da abinci ta hanci muke yi, mafi sirantaka, sabuwa fil a ledarta. In ta zauna, layi muke kiranta. Sista Laraba tana da doka a kansa, kuma kowa a ɗakin ya haddace ta: layin da ke tafiya ba a taɓa shi. Ba ganganci ya sa ta kafa dokar ba. Ta ga yaran da aka cire wa layi don a bi ƙa'idar littafi, aka rasa jijiya, sukarin jikinsu ya faɗi suka tafi kafin azahar. Dokar nan ta raya yara da yawa, wasunsu yanzu suna tuƙa danfo, motar haya, a garin nan.

Masu kawo mana yara kowane iri ne, Yarbawa da Ibo da mutanenmu. Sista Laraba tana jin Hausa sarai, amma ba ta da lokacin lallashi, don haka duk wanda ya fito daga unguwannin Hausawa ni yake nema. Iyaye maza ba sa hawa bene, a ƙasa suke zama kan benci, ni ke saukar musu da labari. Wannan saukar benen ma sana'a ce mai zaman kanta, kuma ba wanda ya koya min ita.

Shekarar da ta biyo bayan komawa mulkin farar hula ita ce mummunar shekararmu. Gari ya yi ta rikicewa, yau a ce an yi faɗa a wannan kasuwa, gobe a waccan unguwa, mutanenmu da yawa suka loda mata da yara a manyan motoci suka tura gida. Mai kawo mana kayan aiki ya daina zuwa a kan kari. A ɗakinmu kuma wani abu ya shigo da muka kasa gane kansa. Yaro zai yi kwanakinsa na farko lafiya lau, layi yana tafiya, har ya fara karɓar nono ta hanci. Sai wata safiya ki zura hannu ki ji shi da sanyi. Bakwaini ba ya zazzaɓi irin namu, sanyi yake yi, fatarsa ta koma toka-toka, ciki ya kumbura, ya riƙa manta numfashi sai an ɗan mintsini tafin ƙafarsa. Likita ya rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi, mu ɗura ta layi. Yaro ya farfaɗo, ya yi ja, ya yi kuka, uwa ta yi ta godiya. Ana gama maganin, ko ma kafin a gama, abin ya dawo, kuma ya fi na farko muni. Mun goge bango, mun tafasa duk abin da ke tafasuwa, mun hana 'yan dubiya hawa bene, mun zargi ruwa, mun zargi mai shara, mun zargi juna. Ba wanda ya zargi layi, don layi fari ne tas, ana ganin ruwa yana wucewa ta cikinsa.

Ana cikin wannan hali Malam Idi ya kawo matarsa Hadiza. Mutumin Nijar ne, dogo mai magana a hankali, yana gadin wani gida a Ikeja. Matan da suka zo ci-rani tare da su duk an tura su gida, ita ciki ya hana ta doguwar tafiya, ga shi naƙuda ta zo mata a wata bakwai. Ta sha yin ɓari kafin wannan, shi ne na farko da ya zo mata da rai. Mace ce, 'yar mitsitsiya, amma da ƙarfin shuri. Likitanmu, wani saurayi Bayerabe da muke ce wa Oga Dakta, ya sa mata layi a cibiya tun ranar. Ni na ɗaure, ni na kafa filasta, Malam Idi kuwa ya saci hawa bene yana leƙenmu ta gilashin ƙofa. Layin ya zauna daram, ban taɓa ɗaure wanda ya yi kyau kamarsa ba.

Da na fito ya tare ni ya ce, "Malama, ɗiyar ga ba a yi mata huɗuba ba. Ki roƙa min lokotoro ya ba ni ita in riƙe, ko kaɗan ne."

Na ce likita ba ya bari a fito da ita daga kwalba.

Ya ce, "To ni in tahi wurinta."

Na roƙi Sista Laraba. Ta harare ni ta ce, "Ki wanke shi yadda na wanke ki." Na kai shi famfo ya cuɗa har gwiwar hannu, yana cewa wannan alwala ta fi ta kullum tsawo. Na ɗaura masa ƙyalle a baki, na buɗe tagar kwalba, ya durƙusa ya yi kiran salla ƙasa-ƙasa, sannan ya raɗa mata suna. Na tambaye shi wane suna ya sa, ya yi murmushi ya ce, "Sai ran suna, Malama. Ki jira kamar kowa."

Kafin mako ya zagayo ya sayi rago. Ɗakin gadi ba ya ɗaukar rago, ogansa kuma yana da karnuka, don haka ya jawo shi har gidan nan, ya kafa turke a kusurwar can da kuka zubar da takalmanku. Innata ta karɓi kiwo. Ranar suna ta zo yarinya tana kwalba, ya ce a ɗaga, ba zai yanka ba sai ɗiya ta fito an taru a kanta. Ba a jima da haka ba na zura hannu wata safiya na ji ta da sanyi.

Aka ɗura magani ta farfaɗo. Na sauka na ce masa da sauƙi, kuma a ranar gaskiya na faɗa. Ya je ya sanar da limaminsu ranar da za a taru. Abin ya dawo. Aka canza wani maganin da ya fi ƙarfi, ta sake farfaɗowa har ta damƙe yatsan uwarta, na sake sauka na ce da sauƙi. Kullum in dawo gida in tarar ragon nan yana ƙara ƙiba da dusar Inna, in koma asibiti in ɗora yarinya a sikeli in ga ta ragu. Na tsani ragon nan, alhali ba abin da ya yi min.

Tsaga roba shi ne aikin da ya buɗe mana ido, kuma Oga Dakta ne ya yi shi. Wani yaro a kwalbar kusa da ta 'yar Malam Idi ya rasu da irin wannan ciwon. Na zare layinsa zan jefa a kwandon ƙonawa, sai ya ce in ajiye masa a faranti. Ya ɗauki reza ya tsaga robar a tsaye, ya kira mu bakin taga ni da Sista Laraba. Daga waje tas take. A ciki kuwa, can wajen bakin da ya zauna a jikin yaron, akwai wani abu fari-fari manne da bangon robar. Ya dangwala tsinken auduga ya ɗaga, abin ya biyo shi da yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya ce ƙwayoyin cuta ne cunkus a ciki, kuma yawanci irin waɗanda ke zaune a fatar kowa ne, har da tawa da taku. Daga baya ya aika guntun ɗakin gwaji, amsa ta dawo yadda ya faɗa.

Yana ta bayani da Turanci da Yarbanci, ni kuwa jarkarmu ta bayan ƙofa ce ta faɗo min a rai. Kun san in jarka ta daɗe ana zuba mata ruwa, kika zura yatsa sai ki ji santsi, ko da ruwan garau yake. Ki yi ta ɗauraya, santsin yana nan sai an kankare. To haka ƙwayoyin nan suke yi. In suka samu roba sai su manne, su hayayyafa, su fitar da yauƙin nan su lulluɓe kansu da shi. Magani ya bi ta kansu ya wuce, ya kashe waɗanda suka ɓalle suka shiga jini, shi ne sauƙin da muke gani. Na cikin yauƙin suna nan kwance, ko gezau. Magani yana janyewa su sake sakin wasu. Wato ta inda muke ba yaro magani, ta nan ciwon yake shigar masa, kuma duk daɗewar layi, kauri yauƙin yake ƙarawa. Wanki ba ya fitar da shi, allura ba ta kai gare shi, abin yi ɗaya ne, a zare robar a yar.

Sista Laraba ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta juya ta dubi kwalbar 'yar Malam Idi, wadda layinta ya fi na kowa daɗewa a ɗakin.

"A cire shi yau," in ji Oga Dakta.

"A cire a sa me?" ta ce. "Ƙananan allurai sun ƙare tun makon jiya. Waɗanda suka rage na manya ne, sun fi jijiyarta kauri. Cibiya kuma in ka zare ba ta sake karɓa. Ka cire yanzu, gobe war haka babu ita."

"In an bar shi ma babu ita, Sista."

"Na sani, Dakta. Na ga abin da ka nuna min."

Ban taɓa jin muryarta ta yi laushi haka ba. Dukansu gaskiya suka faɗa, kuma irin wannan ranar ce ba a koya muku a makaranta. Suka tsaya a kan a bar layin har a samo ƙaramar allura.

Neman allurar ni aka tura. Na hau danfo zuwa kasuwar magani ta cikin gari, na tarar rabin shaguna a rufe don an yi rikici a kusa, waɗanda suka buɗe kuma sai manya suke da su. Na bi asibitocin Ikeja ina roƙon ƙawayena, kowacce tana ɓoye 'yan nata don yaran ɗakinta, ban kuma ga laifinsu ba. Malam Idi ya ji abin da ake nema, ya bar gadi ya hau babur ɗin haya har Ojo, don wani ɗan garinsu ya ce masa a kasuwar Alaba da ke can babu abin da ba a samu. Ya dawo da rana tsaka ya jiƙe da gumi, ya miƙo min leda cike da allurai da hannu biyu. Na manya ne. Na karɓa na yi godiya, na kasa gaya masa. Sai bayan kwanaki wata tsohuwar abokiyar aikin Sista Laraba ta aiko da ƙanana guda biyu a naɗe cikin hankici.

Da hantsi muka sa mata. Na aske gefen kanta, Sista Laraba ta soka. Ta farko ta fasa jijiya. Ta biyu ta shiga, muka ga ruwa ya tafi. Oga Dakta ya kwance zaren da na ɗaura ya zare layin. Bai ma tsaga shi ba, mun san abin da ke ciki. Yarinya ta wuni ta kwana, amma ƙwayoyin sun riga sun yi mata yawa a jini, jikinta duk ya saki, inda aka soka jini ya ƙi tsayawa. Da safe ta manta numfashi. Na mintsini ƙafarta, na ɗauko 'yar jakar roba ina matsa mata iska, na yi ta matsawa har Sista Laraba ta dafa hannuna ta ce, "Rabi, bari haka." Ni na sauka benen. Hadiza ta hango fuskata tun daga nesa, ta zame daga benci ta zauna a ƙasa.

Daga ranar Sista Laraba ta soke dokarta da bakinta. Muka koma cire layi da wuri, ko yana tafiya ko ba ya tafiya. Kada ku zaci daga nan labari ya yi daɗi. Yaran da yauƙi ke kashewa suka ragu, waɗanda ake rasa wa jijiya suka ƙaru. Har na bar aiki tsakanin waɗannan biyun ake zaɓe. Kwanan baya na leƙa ɗakin, na tarar an yi fenti, an canza labule, amma ƙananan allurai sun ƙare. Ita Sista Laraba ba ta ƙara shekara ba ta tattara ta koma garinsu. Ta ce min duk layin da ta taɓa hanawa a cire yana dawo mata a rai, kuma ba ta san waɗanda ta raya da waɗanda ta kashe ba. Aikin nan yana cin mutum, kuma ban ga alamar zai gyaru a rayuwata ba.

Bayan an kai yarinya an karɓi gaisuwa, Malam Idi ya zo gidan nan da azahar. Na zaci ragonsa ya zo ɗauka ya mayar kasuwa, don na ji za su koma gida. Ya gaida Inna, ya tsuguna a kusurwar can ya shafa wuyan ragon ya ce, "Ya yi ƙiba. Inna ta yi ƙoƙari." Sannan ya ce a kira mahauci a yanka a raba wa maƙwabta.

Na ce, "Malam Idi, ka sayar da shi, kuna da tafiya a gabanku."

Ya ce, "A'a, Malama, na ɗiya ne. Ta zo duniya, an yi mata huɗuba, tana da sunanta."

Wannan karon ban tambaye shi ba. Shi ya faɗa da kansa, yana kwance igiya daga turke, bai ɗago ya dube ni ba.

"Rabi'atu na sa mata, takwararki ce. Tun ran da na ga yadda kika ɗaure mata robar ga a cibiya, na ce hannun ga shi za ya raya min ita."

A bakin magudanar can aka yanka ragon. Inna ta ware min kasona a kwano, na rufe shi da faifai ban taɓa ba, na sa fararen kayana na tafi aikin yamma. Na tarar an kawo wani bakwaini, Oga Dakta ya riga ya zura robar, yana jira in miƙo zare.